Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu? Fenti da Darajar Gida a Birnin Katsina

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu gidaje da dillalai a birnin Katsina. Mutum zai yanke shawarar sayar da gidansa, ko don ya ƙara jari, ko don ya biya bashi, ko kuma don magada sun matsa a raba musu haƙƙinsu. Sai dillali ya zo ya zagaya gidan ciki da waje, ya ɗaga kai ya dubi katanga, sa'an nan ya ce, "Alhaji, da an ɗan shafa masa fenti tukuna." Shi kuwa mai gida sai ya ga maganar kamar wauta ce. A ganinsa, wanda zai rabu da akuya gobe ba ya saya mata dusa yau. Ra'ayina a wannan muhawara shi ne, a mafi yawan lokuta dillali ya fi mai gida gaskiya. Sai dai gaskiyar tasa tana da sharuɗɗa, kuma akwai gidajen da shafa musu fenti kafin sayarwa asarar kuɗi ce tsagwaronta, akwai kuma fentin da shafa shi ha'inci ne.

Kafin a shiga maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya tuna cewa gyaran fuskar gida daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, ya riga fentin gwangwani zuwa da ɗaruruwan shekaru. Maginan gargajiya sun san cewa ginin tubali ba ya daɗewa sai da sutura. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a kwaɓa ta da ƙasa a shafe bango da ita domin ruwan sama ya riƙa zamewa. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, a shafe rufin soro da shi. Suna kuma da farar ƙasa ta shafen ɗaka. A kan wannan shafe ne gwanaye suke fitar da zane a fuskar zaure, su ɗora zankwaye a sama, har baƙo ya iya gane matsayin mai gida tun daga bakin titi. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da ƙasa aka gina ta, haka ma tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Abin da ya tsayar da su har yau shi ne yaɓe bayan yaɓe. A garin Jenne na ƙasar Mali ma, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari suke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu su yaɓe shi. Ke nan kakanninmu sun ɗauki shafe a matsayin kariya da ado a lokaci guda, kuma wannan shi ne aikin fenti a kan ginin bulo da siminti.

To, ta yaya fenti yake ƙara wa gida kuɗi? A nan ne mutane da yawa suke kuskuren lissafi. Suna zaton mai saye zai ƙirga bokitan fentin da aka shafa ya ƙara kuɗinsu a kan farashi. Ba haka ciniki yake tafiya ba. Mai saye yana zuwa ne da tsoro a ransa, domin zai zuba abin da ya tara shekara da shekaru a kan ginin da bai ga ranar da aka haƙa harsashinsa ba. Bai san bulo nawa aka buga da buhun siminti ɗaya ba. Bai san ko rodin da ke cikin ginshiƙai ya isa ba. Bai san yadda rufin yake yi a watan Agusta ba. Abin da kawai yake da shi shi ne idonsa, kuma ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idan ya ga katanga ta yi ɓawo, bango ya yi jirwaye, ƙyauren ƙarfe ya yi tsatsa, zuciyarsa za ta gaya masa cewa wanda ya bar abin da ake gani ya lalace haka, Allah kaɗai ya san yadda ya bar abin da ba a gani. Daga nan sai ya fara zabge kuɗi a ransa, kuma abin da zai zabge kullum ya fi abin da gyaran zai ci, saboda yana zabgewa ne har da kuɗin tsoronsa.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan hali. A 1970 wani masani ɗan Amurka mai suna George Akerlof ya yi nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin hajarsa amma mai saye ba shi da hanyar sani, to mai saye zai taya kowace haja da farashin mai aibi, har mai kyakkyawar haja ya cutu. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar dillalan gidaje ya san wannan magana ko da bai taɓa jin sunan Baturen ba. Mai gida mai inganci yana bukatar hanyar da zai nuna cewa gidansa ba irin sauran ba ne, kuma gida mai tsafta, wanda aka gyara aka shafe, yana daga cikin shaidun da ido yake karɓa nan take.

Bari a kawo misali na lissafi kawai, ba wai farashin wani gida ba. A ɗauka gida ne da ake sa ran sayarwa naira miliyan 25. Idan mai saye ya rage kashi 5 cikin 100 saboda ganin da ya yi wa gidan, mai gida ya rasa naira 1,250,000. A ɗauka kuma faɗin bangon waje da katanga ya kai murabba'in mita 300. Kamfanonin fenti sukan ƙiyasta cewa lita ɗaya ta fentin ruwa tana shafe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya idan bangon sumul ne, wato bokiti mai lita 20 zai shafe wajen 200. Shafa biyu za ta ci bokiti uku, a ce huɗu idan filastar mai kaushi ce tana shan fenti. Mai karatu ya je kasuwa ya tambayi kuɗin bokiti huɗu, ya haɗa da ladan mai fenti da ɗan simintin cike tsaga, sa'an nan ya kwatanta da abin da mai saye zai zabge. A mafi yawan lokuta zai tarar kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da riba.

Akwai kuma wata riba da ba a cika sa ta a lissafi ba, wato lokaci. Gidan da ya daɗe a hannun dillalai yakan yi baƙin jini. Dillali na farko ya nuna shi, na biyu ya nuna shi, har labari ya bazu cewa gidan nan ya shekara ba a saya ba, lallai akwai wata a ƙasa. Wasu ma sai su ƙulla masa labarin aljanu ko rikicin gado. A zamanin da kuɗi suke riƙe darajarsu, jiran shekara ɗaya haƙuri kawai yake ci. Amma tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, jira ya zama asara. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma a watan Disamba na shekarar alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda yake son ya sayar da gida a Sabuwar Unguwa don ya gina wani a hanyar Dutsin-ma, duk watan da gidansa ya ƙara a kasuwa, bulo da kwano da rodin da zai saya sun ƙara yi masa nisa. Idan fenti ya sa gida ya fita cikin wata biyu maimakon wata goma, ya yi aikinsa ko da bai ƙara ko kwabo a kan farashi ba.

Yanayin Katsina shi kansa yana goyon bayan dillali. Garin yana bakin sahel, ruwan shekara ba shi da yawa, amma yana sauka ne a 'yan watanni, daga Yuni zuwa Satumba, sau da yawa da iska mai ƙarfi da take watsa shi a jikin bango. Kafin nan ga zafin bazara na Afrilu da Mayu, wanda yakan haura digiri 40, yana gasa bango da rana, dare ya yi ya huce, filasta tana buɗewa tana tsukewa har ta yi 'yan tsagogi kamar gashi. Bayan damina kuma ga hunturu da ƙurarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ma ruwa. Idan ya shiga ta tsagar ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, sai ya ƙara fasa simintin da ke kewaye da shi. Fenti mai kyau yana toshe wannan ƙofa tun tana ƙarama. Saboda haka wanda ya saba sabunta fentin gidansa duk bayan 'yan shekaru, ko ba ya da niyyar sayarwa, ajiya yake yi. Ranar da bukata ta taso, gidansa zai shiga kasuwa da ƙarfinsa, ba sai an tsaya fafe gora ranar tafiya ba.

Yanzu sai a juya ga inda maganar dillali take faɗuwa. Kuɗin gida kashi biyu ne: kuɗin fili da kuɗin gini. Fenti yana taɓa na biyun ne kawai. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, garin ya zama babban birnin jiha, ya tsallake ganuwa ya bazu ta kowace kusurwa. Ma'aikatu sun zo, manyan makarantu sun ƙaru, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam, ga kuma mutanen da matsalar tsaro ta taso daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana suka nemi mafaka a birni. Duk wannan ya sa fili ya yi tsada, musamman wanda yake bakin babban titi. Tsohon gidan da yake kan hanyar Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya, wanda ɗan kasuwa yake so don ya rushe ya gina shaguna, filinsa ake saye. Mai sayen ba zai ko ɗaga kai ya dubi bangon ba, tsawo da faɗi yake aunawa. Shafa wa irin wannan gida fenti kamar yi wa ragon layya lalle ne. Don haka tambayar farko da mai gida zai yi wa kansa ita ce: wane ne zai sayi gidan nan, mai zama ko mai rushewa?

Haka nan fenti ba ya maye gurbin takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, ta kuma shar'anta neman amincewarsa kafin a mayar da haƙƙin mallaka daga wani zuwa wani. Gidan da yake da takardar shaidar mallaka ta gwamnati ya fi wanda ba shi da komai sai takardar cinikin da aka rubuta a gaban mai unguwa, ko da na biyun yana walƙiya kamar gidan amarya. Banki ba ya karɓar launi a matsayin jingina. Idan kuɗin mai gida ba su isa ya yi duka biyun ba, ni dai shawarata ya fara da takarda. Kuma fenti ba ya matsar da gida daga bakin kwata, ba ya faɗaɗa lungun da mota ba ta shiga, ba ya kawo ruwan famfo. Dillalin da ya ce da mai gida fenti zai ninka masa kuɗi, la'adarsa yake hange.

Akwai wani kuskure da ya yi yawa a tsofaffin unguwannin cikin gari, irin su Rafindaɗi da Gambarawa da Masanawa, inda har yanzu akwai gidajen ƙasa. Mai gida yana son gidansa ya yi kama da na zamani, sai ya sa a yi wa bangon ƙasa filastar siminti, a bi ta da fentin mai mai ƙyalli. Shekarar farko abin gwanin sha'awa. Amma ƙasa da siminti ba sa tafiya tare: ƙasa tana shan laima tana fitar da ita, siminti da fentin mai kuwa suna kulle ta a ciki. Sannu a hankali filastar takan rabu da bangon, a ƙwanƙwasa a ji ta kamar ganga, ruwa ya riƙa bi ta bayanta yana cin tubalin ba wanda ya gani, har ranar da za ta zubo gaba ɗaya, wani lokaci har da bangon. Ginin ƙasa suturarsa ta ƙasa ce. Abin takaici shi ne maginan da suka iya haɗa makuba da laso suna ƙarewa, kuma 'ya'yansu sun koma bulo, domin a nan abinci yake. Wannan wata magana ce mai zaman kanta, amma ya kamata sassan koyar da sana'o'i na kwalejojinmu su dube ta tun masu ilimin suna raye.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne bambancin da ke tsakanin gyara da rufa-rufa, domin bokiti ɗaya ne yake yin duka biyun. Kowa ya san irin gidan da ake shafewa cikin kwana biyu idan an ji mai saye zai zo. Gindin bango yana fitar da farin gishiri saboda danshin da yake tasowa daga ƙasa, sai a kankare a shafe. Silin ya yi taswirar yoyo, sai a bi shi da fari. Kusurwar ɗaki ta tsage daga sama har ƙasa saboda harsashi ya zauna, sai a cusa siminti a shafe. Mai saye ya zo a watan Maris, ya ga gida fes, ya biya. Ruwan farko na Yuni ya sauka, taswirar ta dawo, zuwa Agusta fentin gindin bango ya kumbura yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Daga nan sai a tafi gaban mai unguwa, in abin ya ƙi a tafi gaban alƙali, zumunci ya ɓaci, dillali ya kashe wayarsa.

Shari'ar Musulunci, wadda mafi yawan cinikin gidaje a Katsina yake gudana a inuwarta, ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sananne ne a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuwa tsawatar masa a kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗaliban zaure suke karantawa a duk ƙasar Hausa, ya lissafa ɓoye aibin haja cikin abubuwan da aka hana a ciniki. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun yi wa gida bayani na musamman, suka kasa aibinsa uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa; matsakaici, wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadonsa; da babba, kamar tsagar da ake tsoron za ta kayar da gini, wanda yake ba mai saye damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Ke nan wanda ya rufe babban aibi da fenti bai tsira da kuɗin ba ko a nan duniya, matuƙar mai saye ya iya tabbatar da cewa aibin ya riga ciniki.

Illar rufa-rufa ba ta tsaya a kan mutum biyun da suka yi ciniki ba. Duk lokacin da aka cuci wani da sabon fenti, shaidar da fenti yake bayarwa tana raguwa a idon kowa. Yau an kai matsayin da wasu masu saye, da zarar sun shaƙi warin sabon fenti, sai gabansu ya faɗi, su fara tambayar me aka ɓoye. Mai gaskiya ya gyara gidansa tsakani da Allah, amma zunubin wani ya shafe shi. Maganin wannan a hannun mai sayarwa yake, kuma ba shi da tsada. Ya fara da gyaran asalin matsala: a canza kwanon da ya huje, a gyara indararo da magudanar ruwa don kada ruwa ya kwanta a gindin bango, a buɗe tsaga a ga zurfinta kafin a cike. Ya ɗauki hotunan wurin da waya kafin gyara da lokacin gyara. Ya ajiye rasiɗin kayan da ya saya. Ranar ciniki ya nuna wa mai saye da kansa, ya ce nan yana yoyo a da, ga abin da aka yi masa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, faɗin aibi ɗaya da baki yana sa a yarda da mutum a kan sauran gidan duka, kuma wanda ya sayi rariya da saninsa ba zai dawo yana kukan tana zubar da ruwa ba.

Game da yadda za a yi aikin, 'yan abubuwa kaɗan ne suke raba fentin da zai daɗe da wanda zai zube. Sabuwar filasta tana bukatar kimanin mako huɗu ta bushe kafin a shafa mata komai. Tsohon fentin da ya yi ɓawo sai an kankare shi, an wanke ƙura, domin fenti ba ya kama datti. Sai kuma a kula da masu tsinka fenti da ruwa fiye da ƙima don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Irin wannan shi ne wanda in ka jingina da bango rigarka take fita da fari. Araha ba ta ado. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bango ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Akwai kuma batun lafiya da ba a cika ambata ba. Wasu nau'o'in fentin mai, musamman tsofaffi da masu launi mai kauri kamar ja da rawaya, sukan ƙunshi dalma, kuma ƙurarta tana lahanta ƙwaƙwalwar yara. Mutanen arewa sun ga abin da gubar dalma take iya yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake wancan daga haƙar zinariya ne. Idan za a kankare tsohon fentin mai a ƙofofi da tagogi, a fitar da yara da mata masu ciki daga wurin, a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Launi kuwa, a nan ne son rai yake shiga ya ɓata lissafi. Mai gida yana son shuɗi mai haske ko kore shar, sai ya manta cewa ba shi zai zauna a gidan ba. Launin da ya fi saurin karɓuwa shi ne wanda ba ya faɗa da kowa: ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ruwan toka. Fari sol yana mayar da zafin rana, ɗaki ya yi sanyi, amma hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ja, shi ya sa launin da ya ɗan yi kusa da na ƙurar garin ya fi rufin asiri a waje. Launi mai duhu kuma yana shan zafi, yana saurin koɗewa.

Wani abin lura da ya keɓanta da al'adarmu shi ne, kada a zuba kuɗi da yawa a ɗakunan kwana. A ƙasar Hausa, wanda ya sayi gida don ya sa amarya ko ya tare da iyali, da wuya ya bar fentin ɗaka yadda ya same shi. Masu jere za su zo da labulensu da kujerunsu, su ce launin bai shiga da kaya ba, a sake. Don haka shafa ɗaya ta fari mai tsafta ta wadatar a ciki. Inda kuɗi suke aiki shi ne inda ido yake fara sauka da inda zargi yake taruwa: katangar waje, ƙofar shiga, zaure ko falon baƙi, sai kuma kicin da banɗaki. Namiji yakan yanke hukunci tun daga ƙofar gida, amma sau da yawa cinikin ba ya faɗawa sai uwargida ko wata 'yar'uwa ta shiga ta ga madafa da makewayi, kuma abin da ta faɗa a mota a hanyar komawa ya fi duk zaƙin bakin dillali nauyi.

Gidan gado shi ne ya fi kowane gida shan wahala a wannan fanni, alhali shi ya fi bukatar gyaran. Mai shi ya rasu, an shekara uku ko biyar ana jan magana, kowa yana zaune a nasa gidan, babu wanda yake ganin alhakinsa ne ya sayi ko gwangwani ɗaya. Idan aka zo sayarwa, babban wa ya ce a gyara, ƙanne su ce da kuɗin wa, mata su yi shiru suna zargin za a ci da rabonsu. A ƙarshe sai a sayar da shi yadda yake, a farashin da mai saye ya ga dama, marayu da gwauraye su ne suke ɗaukar asarar da ba su san an yi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce magada su zauna gaban wanda zai raba gadon, a kira mai fenti da magini su yi ƙiyasi a rubuce, a amince cewa wanda ya ba da kuɗin gyara za a fitar masa da abinsa daga kuɗin gidan kafin a raba, kowa ya sa hannu. Idan akwai ƙananan yara cikin magada, a sanar da alƙali ko waliyyinsu tun kafin a taɓa bango.

Shi ma mai saye yana da nasa aikin, tun da gani ya kori ji. Kada sabon fenti ya ruɗe shi, kada kuma ya firgita shi. Ya ƙwanƙwasa bango da makulli daga gindi zuwa tsayin ƙirji, ya saurari inda sauti ya canza. Ya shafa tafin hannu a gindin bangon banɗaki ta waje ya ji ko da sanyi. Ya sa yaro ya hau ya leƙa saman silin da tocila, domin katakon rufi ba a yi masa fenti, kuma tabon ruwa da cin gara suna nan a jikinsa. Ya dubi katangar maƙwabta, wadda ba a shafe ba, ya ga iya inda ruwa yake kaiwa a lungun. Ya tambayi mai shagon da ke kusa yadda layin yake kasancewa idan an yi ruwa mai ƙarfi. In kuma cinikin ya faɗo a damina, ya roƙi a ba shi makulli ya koma gidan da safe bayan an kwana ana ruwa, shi da magininsa, ba tare da dillali ba.